Littafin da Na Binne

Shekarar da aka turo ni Tanut koyar da Ingilishi a kwalej, Ingilishin da ke cikina bai kai na cinikin albasa ba. Takarda kam ina da ita, da hatimi da sa hannu, amma in na kunna rediyo na ji masu harshen suna magana sai in rasa inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Yara ba su san haka ba, duk abin da na faɗa rubutawa suke yi. Ni kaɗai na san halin da nake ciki, kuma abin yana cina ƙwarai.

Gidan da na kama haya yana jikin na wani tsoho mai gyaran famfon rijiya. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya shigo ƙasar nan ta Damargu tun yana saurayi tare da masu haƙar rijiyoyi. Aiki ya ƙare, abokansa suka koma gida, shi ya zauna. Kowa Baba yake ce masa. Daga Belbeji har Tenhiya babu rijiyar makiyaya da ba ta san hannunsa ba. Abzinawa da Fulani kan zo ƙofar gidansa su ce famfo ya tsaya, dabbobi kwana biyu ba ruwa, sai ya ɗaura jakar sifanoninsa a moto, wato babur, ya bi su, ba ya ko tambayar nisan wurin. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce ke kusa, malamar asibiti a Damagaram, mai kaifin baki irin nawa, shi ya sa tun ranar farko jininmu bai haɗu ba.

Wata rana bayan la'asar na ji Ingilishi yana tsallako katanga, a hankali, da nauyi, kalma bayan kalma. Na leƙa na yi sallama. Baba ne zaune kan tabarma yana karanta littafinsu mai tsarki da ƙarfi, ya kawo shi dab da hancinsa. Na gaya masa matsalata ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce in zauna, in riƙa karanta masa yana gyara mini, tunda dama yanar ido ta fara kama shi, ni kuma bakina ne ba ya tafiya. Haka muka fara, kullum tsakanin la'asar da magariba, kuma bai taɓa karɓar ko shayi a hannuna don wannan ba. Bai kuma taɓa ce mini in bar addinina ba. Da ya ji kiran salla shi ke rufe littafin ya ce in tashi kada in rasa jam'i.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne yadda yake riƙon littafin. Bangonsa ya fita tun ban zo duniya ba, an ɗaure shi da robar tayar keke. Kowane shafi da tambarin babban yatsansa na baƙin mai. Ya ja layi da biro a nan, ya yi rubutu a gefe a can, shafukan farko kuma cike suke da sunaye da ranakun haihuwa da na mutuwa, da hannu daban-daban. In ya gaji sai ya ajiye shi kan tabarma kusa da ƙafarsa, wani lokaci har ya ɗora kofin shayi a kai. Ni kuwa a gidan da na tashi ba a taɓa namu littafin sai da alwala, ba a ɗora komai a kansa, kuma wuri mafi tsayi a ɗaki shi ne mazauninsa. Ranar farko da ya miƙo mini, na ce ina zuwa, na koma gida na yi alwala na dawo. Da ya gane abin da na yi ya yi dariya har da tari. Duk sanda ya ajiye shi a ƙasa sai in ɗauke in ɗora a cinyata, shi kuma yana kallona ta gefen ido.

"Malam, kayan aiki ne," in ji shi. "Ka dubi sifanonina, wadda na fi so ita ta fi datti."

Ni dai ban yarda ba.

Ingilishin littafin nan na kakannin kakanni ne, irin wanda ba mai magana da shi yanzu. Ban san haka ba da farko. Na kwashe shi da zafinsa na kai wa yara, har wani sufeto da ya zo duba aji ya ja ni gefe ya tambaye ni a wane zamani aka koya mini turanci. Na ji kunya, amma duk da haka a wurin Baba kunnena ya buɗe, bakina ya saki. Abincin da na ci da wannan harshe shekara da shekaru, a kan tabarmarsa na samo shi.

Da idon ya ƙara lalacewa sai 'yar ta zo da sabuwar fassara, mai manyan baƙaƙe da Ingilishin yau, wanda ko ɗan aji biyu zai bi. Baba ya juya ta, ya shinshina, ya mayar mata a leda. A nan rigima ta tashi, suka kuma naɗa ni alƙali ba tare da sun nemi yardata ba. Ita za ta zaɓi wuri, in karanta a tsohon, in karanta a sabon. Mun yi kwana uku muna wannan. Na tuna wurin da ake maganar makiyayi da tunkiyarsa da ta ɓata, don a Damargu ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. A nawa jin, hanya ɗaya suke bi, sai dai tsohon a raƙumi yake tafiya, sabon a moto. A tsohon sai na tsaya na nemi ma'ana, amma maganar takan zauna a kai. A sabon nan take nake ganewa, sai dai kafin gobe na manta yadda aka jera ta.

Baba ya ce tsohon ne mahaifinsa ya karanta masa, da shi aka yi masa baftisma, da shi aka ɗaura aurensa. Ya ce maganar Allah ba ta kamata ta yi kama da hirar tasha ba, kuma in kowane zamani zai sake mata riga, wata rana za a nemi mai rigar a rasa. Yana da na Hausa da suke karantawa ranar Lahadi da 'yan Kiristocin garin, sojoji da ma'aikatan da ake kawowa ana ɗaukewa, bai raina shi ba, amma wannan ne nasa. 'Yar ta ce babu ɗaya daga ciki da ya sauko da Ingilishi, da Ibrananci da Girkanci aka fara rubutawa, kuma waɗanda suka yi tsohuwar fassarar mutane ne masu cin tuwo kamar waɗanda suka yi sabuwar. Ta ce ikon littafin yana cikin saƙon da ya ɗauko, kuma saƙon da mutum ba ya iya gani ba ya amfana masa komai.

Ni da ba a tambaye ni ra'ayi ba, aikina karatu ne kawai, sai na tsoma baki. Na ce mu dai Allah ya hutar da mu, namu na Larabci ɗaya ne tak, duk sauran fassara ce, kuma ba mai salla da fassara. Sai suka bar faɗansu suka haɗu a kaina. 'Yar ta ce su a wurinsu Allah so yake ya yi wa kowa magana da harshen da ya sha a nono, saboda haka fassara ba inuwa ba ce, littafin ne da kansa. Baba ya gyaɗa kai, karo na farko a kwana uku. Na ji su da kunne, amma abin da na tafi da shi gida dabam ne: duka biyun fassara ne, in babu ɗaya ɗayan zai tsaya a madadinsa.

Ashe a ƙarƙashin wannan rigima akwai wata da ta fi ta. 'Yar so take ya tattara ya bar Tanut. A gabana ta faɗa, ranar da za ta koma:

"Baba, in ka mutu a garin nan wa zai binne ka? Wa ya san abin da zai yi da kai?"

Maganar ta soke ni, don da ni da sauran maƙwabta take. Amma gaskiya ban san abin da za mu yi ba. Baba kuwa ya ci gaba da goge wata sifana da ba ta bukatar gogewa.

Farkon damina aka ba shi ranar aikin ido a Damagaram. Littafin ya yi nauyi, ga shi yana zubewa, 'yar ta ce a bar shi tunda wata biyu ba zai iya karatu ba. Da mota ta zo ya damƙa mini makulli ya ce, "Malam, ga ɗaki, ga littafina. Amana." Na ce ya tafi hankali kwance.

Da na shiga rufe taga na tarar da shi inda ya saba zama, kan akwatin ƙarfe na kayan aiki, ƙasa-ƙasa, takalman Baba a gefensa. Raina bai ba ni in bar shi haka wata biyu ba. Na yi alwala, na taka kujera, na ɗora shi a kan katanga can ƙarƙashin azara, wuri mafi tsayi a ɗakin. Na sauko ina jin na yi abin kirki. Sabuwar fassarar kuwa na bar ta cikin ledarta a cikin akwati, ban ko kula ta ba. Na kulle ɗaki na tafi garin Gangara taya mutanenmu noma, don an shiga hutu.

Ruwa ya yi kyau a shekarar, gero ya tashi, na yi noman fari na yi maimai, na manta da Tanut. Da na dawo na buɗe ɗakin Baba, wari ne ya fara tarata. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi ya bi azara ya sauka daidai inda na ɗora littafin. Bayan ruwa gara ta biyo. Abin da na sauko da shi ba littafi ba ne, wani dunƙule ne mai nauyi, ya kumbura, ya yi funfuna, ƙasar gara ta ratsa shi. Akwatin ƙarfen da na ɗauke shi daga kai kuwa a bushe yake ƙamas, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na zauna a ƙasa da abin a cinyata.

Waya ta riga ta shigo garin a lokacin, kuma ina da lambar 'yar. Ban kira ta ba. Tsoron bakinta nake yi, wannan ita ce gaskiya. Maimakon haka na tafi wurin tsohon malamin masallacin unguwarmu na ba shi labari. Mutumin kirki ne, kuma yana ganin girman Baba. Ya ce tunda akwai sunan Allah da na annabawa a ciki, kada a yar da shi a juji, kada a bar shi yana ruɓewa, a yi masa yadda muke yi wa namu in ya tsufa ya yage: a naɗe a ƙyalle mai tsabta, a binne inda ƙafa ba ta takawa. Na ji daɗin amsar fiye da kima, domin ta ba ni abin yi wanda ba kiran waya ba. Na ce a raina, ai ga sabuwar nan lafiya lau, kuma dama ita ce idonsa zai iya gani.

Washegari da hantsi na yi yadda aka ce, a gindin wata aduwa arewa da gari. Ban buɗe shi ba. Gani nake in na ɓamɓare shafukan zan yayyaga sunan Allah da hannuna.

Sai bayan na gama na kira 'yar, har da ɗan alfahari a muryata. Sai ta tambaye ni ko na duba shafukan farko. Sai a lokacin sunayen nan suka faɗo mini. Ta ce rubutun kakanta ne a wurin, da na mahaifiyarta, wadda ta rubuta ranar haihuwarta da hannunta, kuma ba su da wani rubutun nata a duniya sai wannan. Ta ce littafi ba gawa ba ne, da na shanya shi shafi-shafi da an tsira da wani abu. Maimakon in ba da haƙuri sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ni na girmama shi fiye da su masu ajiye shi kusa da takalmi. Ta ce girmamawata ce ta kai shi ƙarƙashin azara. Haka ne kuwa. Ta ce ba za ta gaya masa ba yanzu da ido ke warkewa, ni zan faɗa masa da bakina ranar da ya dawo, ta kashe waya.

Sati uku na yi da wannan a ƙirjina. Na gyara indararo, na yi wa rufin yaɓe, na share ɗakin har sau biyu, duk don in rage wa kaina nauyi, bai ragu ba. Mutumin da ya ba ni harshe kyauta, abu ɗaya ya taɓa roƙona. Na tabbata daga ranar da ya ji, zaman tabarma ya ƙare.

Suka iso da rana, yana sanye da baƙin tabarau, ido ɗaya ya buɗe sarai. Ya dube ni ya ce ashe haka nake da muni, shekara biyu yana zaton kyakkyawa ne maƙwabcinsa. Kowa ya yi dariya ban da ni da 'yar. Da mutane suka watse na durƙusa gabansa na faɗi komai, tun daga kujerar da na taka har zuwa aduwa, ban rage ba. Ya cire tabarau ya goge idon da ke masa ruwa, ban sani ba ko na aikin ne. Sannan ya ce gobe in kai shi wurin.

Da safe muka tafi mu uku a ƙasa, ni da shebur a kafaɗa. Gero ya fara fitar da kai a gonakin gefen hanya. Muka isa gindin aduwar. Na ce in ya yarda in tono, ko shafi ɗaya a samu. Ya ɗaga mini hannu, ya tsaya yana kallon ƙayar da na jera a kai. Sai ya shiga yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi wa makiyaya in famfo ya lalace. Wane ƙyalle? Na ce farin alawayyo, sabo, daga kasuwa na yanko. Zurfin fa? Na ce har gwiwata. Ya tambaya ko jefa shi na yi, na ce a'a, na shiga ramin na kwantar da shi da hannu biyu. Da alwala? Na ce da alwala. Ƙayar kuma ta mece ce? Na ce don kada dabba ta tona ko mutum ya taka, haka muke yi wa kabari.

Ya juya wurin 'yarsa.

"Kin ce ba su san abin da za su yi da ni ba," in ji shi. "To, ga shi."

Ta juya mana baya tana kuka. Ni ma ban iya riƙe nawa ba. Baba ya ce in sauke shebur, ba za a tona ba. Bai ce abin bai yi masa ciwo ba, kuma na san ya yi, don har ya bar duniya wani lokaci hannunsa kan kai kan akwatin nan ya dawo wayam. Amma bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya.

Da la'asar ya buga katanga kamar yadda ya saba. Na tarar ya fito da sabuwar fassarar daga leda, ga biro a kai. Ya ce in buɗe shafin farko in rubuta, don hannunsa yana rawa. Na ce ni ban taɓa rubutu a littafi mai tsarki ba. Ya ce yau zan fara, ita ce tarar da zan biya. Ya riƙa faɗin sunayen daga ka, mahaifinsa, mahaifiyarsa, matarsa, 'ya'yan da suka rayu da waɗanda ba su rayu ba, 'yar tana gyara masa ranakun da ya ruɗe. Na rubuta da mafi kyawun hannun da nake da shi.

Daga nan karatunmu ya sake salo. In karanta wuri a sabon, shi kuma ya rufe ido ya kawo shi a tsohon daga ka, ashe rabin littafin yana cikin kansa. Wani wurin ya ce sabon ya yi gaggawa, wani wurin ya ce a sake karantawa, ashe abin da ake nufi ke nan, shekara hamsin yana faɗa bai gane sosai ba. Bai taɓa cewa 'yarsa ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba. Kafin shekara ta zagayo sabon ya yi tambarin baƙin mai a kowane shafi. Ni kuma na daina ɗauke shi in ya ajiye a tabarma, ko da yake alwalata ban daina ba. Maganar barin Tanut ba a sake tayar da ita ba.

Ya rasu bayan shekara shida, a ɗakinsa, lokacin kaka. Kiristocin garin a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su suka yi masa addu'arsu, 'yarsa ta karanta daga littafin mai rubutuna a shafin farko. Mu maƙwabta muka haƙa, da makiyayan da suka ji labari a kasuwa suka bar dabbobinsu suka zo. Da aka gama rufewa mutane suka fara ja da baya, sai 'yar ta kira ni, ta nuna mini tarin ƙayar da aka saro.

"Malam," ta ce, "kai ka san yadda ake yi."

Ni na jera ta.